Yadda Za Ka Sayi Na'urar GPS Ba Tare da Ka Sayar da Akuyarka Ba

Duk wanda aiki ke kai shi daji ya san wannan sa'a. Rana ta take tsaka, ruwan gora ya kusa ƙarewa, kowace kuka ta yi kama da wadda aka wuce ɗazu, ga waya a hannu ta yi zafi kamar an tsamo ta daga kaskon ƙosai, cajinta kashi 4 ya rage. Malamin gona da aka tura auna filayen manoma ya san ta, ma'aikacin gandun daji a Falgore ko Yankari ya san ta, haka mai neman wurin haƙa rijiyar burtsatse, haka direban da ke bin yashi daga Agadas zuwa Bilma. Tunda duk mun sha wannan miyar, ba sai na ce ka ɗauki ruwa ko ka sanar da gida inda ka nufa ba. Magana ɗaya gare ni: in za ka sayi na'urar GPS ta hannu, sayi mai araha, mai maɓallai, mai cin batir irin na rediyo, sauran kuɗin kuma ka kashe su a kan batir nagari da koyon aiki da ita.

Na farko, ka san abin da kake biya wa kuɗi. Taurarin GPS na gwamnatin Amurka ne, sun kai 30, suna shawagi a nisan kilomita kusan 20,200 daga ƙasa, kowanne yana kewaya duniya sau biyu a rana yana watso lokaci da matsayinsa. Na'urar hannunka sauraro kawai take yi. Idan ta ji huɗu daga cikinsu, sai ta yi lissafi ta gaya maka inda kake tsaye. Ba ta buƙatar layi, ba ta cin data, babu kuɗin wata. Tun watan Mayun 2000, lokacin da gwamnatin Bill Clinton ta daina dagula saƙon da farar hula ke karɓa, ƙaramar na'ura a fili tana nuna wuri da kuskuren da galibi bai wuce mita 3 zuwa 5 ba. Tauraro kuwa bai san farashin na'urarka ba. Saƙon da yake aika wa ta dala 500 shi yake aika wa ta dala 150. Idan mai shago ya jera maka GLONASS na Rasha da Galileo na Turai da BeiDou na Sin kamar yana kirari, ka gode masa, don ƙarin taurari na taimakawa a ƙarƙashin duhuwar itatuwa ko cikin kwazazzabo, amma ka sani ƙananan na'urori ma yanzu suna jin fiye da tsari ɗaya. Garmin eTrex 10, mai baƙi da farin allo, da ta fito tun 2011, tana jin GPS da GLONASS.

Na biyu, batir. A nan ne zuciya ke ɓaci, don haka a yi mini haƙuri in daɗe. Na'urar da batirinta ke manne a ciki, sai an jona ta da wuta, an ƙera ta ne don mutumin da zai koma masauki mai lantarki da yamma. Wanda zai kwana uku a Gashaka Gumti ba shi da wannan gatan, kai, ko wanda ke cikin gari ma ba kullum yake da shi ba. Mai cin batir biyu na AA kuwa, in ta mutu, ka buɗe bayanta ka sauya, cikin minti ɗaya ta farfaɗo. Kamfanin Garmin ya ce eTrex 22x na yin awa 25 da batir biyu, eTrex SE da ta fito a 2023 kuma har awa 168, wato mako guda cur. To, amma da wane batir aka yi wannan lissafin? Ba da wanda ake sayarwa a kan tebur kusa da ashana da maganin sauro ba. Kowa ya san shi: mara nauyi kamar kara, fatarsa na sheƙi, an zana masa walƙiya ko wata dabba mai ƙarfi, an rubuta masa alkawarin da ko ɗan siyasa zai ji kunyar yi. Ka sa shi a tocila ya yi maka dare biyu, ka sa shi a GPS ya nuna cike da hantsi, kafin azahar allo ya ɗauke, daidai lokacin da ka bar hanyar mota da kilomita 6.

Ba ma mutuwarsa ce ta fi ciwo ba. Ka manta shi a cikin na'urar wata biyu, ka buɗe, ka tarar ya yi amai, wani farin gari ya cinye ƙarafan da ke taɓa kan batir, na'urar da ka tara kuɗinta wata da watanni ta zama abin wasan yara. Wannan ba ƙaddara ba ce, ha'inci ne, kuma abin haushi ne a ce mutum na iya rasa hanyar gida saboda wani ya cika gwangwani da abin banza ya kira shi batir. Irin wannan mai arahar yawanci na zinki da gawayi ne, an yi shi don abin da ba ya jan wuta sosai, kamar agogon bango. Nemi alkalin na gaske daga shagon da za ka iya komawa ka yi ƙorafi, ko na caji irin NiMH guda 8 da cajarsu, ka cika su kafin tafiya. Shiga saitin na'urar ka gaya mata irin batir ɗin da ka sa, in ba haka ba ma'aunin cajin zai yi maka ƙarya. Rage hasken allo. Ka dawo gida, ka cire batir kafin ka cire takalmi.

Wani zai ce, duk wannan wahalar ta mece ce, ba ga GPS a waya ba? Gaskiyarsa. Waya na jin taurarin nan ko babu sabis, kuma idan ka sauke taswira tun kana gari, za ta nuna maka inda kake a kan allon da ya fi na kowace eTrex girma da kyau. Mai yawon wuni ɗaya a dajin da ya sani, wayarsa da abin ƙarin caji sun ishe shi, kada ya sayi komai. Matsalar tana farawa ne da zafi. Apple da kansa ya ce wayarsa an yi ta don yanayin da bai wuce digiri 35 ba, alhali a watan Afrilu Sakkwato da Maiduguri na haura 40 a inuwa. Waya ta yi zafi sai ta dusashe haskenta, ta ƙi caji, wani lokaci ta kashe kanta. Ga gumi a yatsa da ƙurar hunturu, ka taɓa nan ta buɗe can. Ga shi ita ce tocilarka, ita ce kyamararka, ita ce rediyonka, ita ce kuma za ka kira gida da ita in ka samu tudun da sabis ke kamawa. Ɗora mata jagora a kan duk wannan zuba ƙwai ne a kwando ɗaya a hau babur da shi. 'Yar na'ura mai maɓallai aiki ɗaya ta sani, kuma in an rubuta mata IPX7, tana jure nutsewa a ruwa mai zurfin mita 1 har minti 30.

Sai taswira, inda ake yi wa mutane da yawa sakiyar da ba ruwa. Na'urar da aka rubuta wa "da taswira a ciki" tana zuwa ne da taswirar yankin da aka yi nufin sayar da ita. Tsohuwar da aka kwaso daga Amurka za ta nuna maka kowane rafi na jihar Kolorado, ka kunna ta a Ningi ta nuna maka fili fetal da ɗigo ɗaya a tsakiya. Kafin ka biya, kunna ta a ƙofar shagon, ka jira ta kama taurari, ka duba ko garin da kake ya fito. In tana da ramin katin ajiya, kamar 22x da 32x, ana iya zuba mata taswirar OpenStreetMap kyauta. In ba ta da taswira sam, kamar SE, ba abin kuka ba ne, don a yawancin dazukanmu turbar shanu da mashayar da kake nema ba su cikin taswirar kowa. In tsohuwa ce kuma, duba wurin batir ko akwai tsatsa, danna kowane maɓalli, ja robar gefe ka ga ko ta saki, karɓi igiyarta da rasit.

Ga wanda ya fi duka haɗari, kuma ba ya cin ko kwabo. Lambobin wuri ana rubuta su iri-iri. Kano tana wajen digiri 12 arewa, digiri 8.5 gabas. Wannan 8.5 ɗin digiri 8 da minti 30 ne, don digiri minti 60 gare shi. Abokin aikinka ya karanto maka 8.50 ta waya, na'urarka kuma an saita ta a digiri da minti, ka shigar da digiri 8 da minti 50, to ka kauce da minti 20, kimanin kilomita 36 ke nan, kuma kibiya za ta kai ka can ba tare da ta yi ko gezau ba. Haka batun ma'aunin tushe: na'ura na zuwa a kan WGS 84, tsofaffin taswirorin safiyo na Nijeriya kuwa a kan ma'aunin Minna aka zana su, tsakaninsu akwai bambancin gomman mitoci, wanda ya isa ya sa a kafa turke a gonar maƙwabci. Mai tsada da mai araha duk iri ɗaya suke ɓatar da wanda bai daidaita wannan da abokan tafiyarsa ba tun a gida.

Masu cewa a ƙara kuɗi a sayi babba suna da hujja biyu, kuma ba na raina su. Ta farko, manyan irin GPSMAP 67 suna sauraron tauraro ta zango fiye da ɗaya, sun fi daidaito a cikin kurmi da tsakanin duwatsu. Haka ne, amma mai neman inda ya ajiye babur ba ya buƙatar a nuna masa shi da taku ɗaya, yana isa mita 5 zai gan shi da idonsa. Auna gona don lissafin taki da iri, ƙaramar ma tana yi, ka zagaya iyakar da ƙafa ta ba ka hekta, sai dai a ƙaramin fili kuskuren ya fi nauyi. Iyakar da za a kai kotu kuwa aikin safiyo ne da kayansa, babu ta hannun da za ta maye gurbinsa. Hujja ta biyu ta fi ƙarfi: GPS zalla ba ta kiran kowa. Za ta gaya maka daidai inda ka karye, ba za ta gaya wa ɗan'uwanka ba. Masu aika saƙo ta tauraro, irin inReach da ke bin taurarin Iridium, suna yin wannan, da kuɗin rajista a kai a kai. Wanda zai ratsa hamadar Tenere, inda itace guda ya taɓa zama alamar hanya ga ayarin gishiri har mota ta kaɓe shi a 1973, ya dace ya biya, kuma ya tafi da madugun da ya san rijiyoyi, don na'ura ba ta san wadda ta ƙafe bana ba. Wanda aikinsa bai wuce tafiyar wuni daga hanyar mota ba, wannan kuɗin ya fi amfani a tankin babur.

In ka saya, kada ranar farko ta zama a daji. Tsaya a ƙofar gidanka ka danna alamar wuri, ka sa mata suna, ka tafi kasuwa, ka ce ta mayar da kai. A nan za ka gano cewa marar kamfas na lantarki, kamar 22x, kibiyarta ba ta san gabas ba sai kana tafiya, in ka tsaya cik sai ta yi ta juyi, kuma gara ka ga wannan a gaban mai shayi da ka gan shi da magariba a bakin fadama. Ranar tafiya kuma, kafin ka ɗaga ƙafa daga inda ka sauka, danna alamar motar, ka jira lambobin su natsu, ka kwafe su da biro a takarda ka sa a aljihun da batir huɗu na ajiya suke.