Yadda Ake Zaman Agola A Jami'a

Idan ka yanke shawarar shiga jami'a ka ɗauki kwas ɗaya ko biyu ba da niyyar digiri ba, to ka sani zaman agola za ka yi: za a ba ka tuwo, za a aike ka, amma ranar rabon gado ba a kiran sunanka. Ga yadda za ka zauna lafiya.

Kafin komai, sayi fayil mai roba, ka yi wa kowane rasit fotokwafi uku. Ma'aikacin rajista zai ɗago kai ya ce, "Kai ɗan aji nawa ne?" Kada ka yi ƙarya. Ka rusuna ka ce, "Ba ni da aji, yallaɓai." Zai juya fom ɗinka gaba da baya, ya kira na kusa da shi su duba tare, sannan ya tura ka wurin shugaban sashe neman sa hannu. Shugaban sashe yana taro. Gobe ma yana taro. Zo da ruwan leda da haƙuri.

Sai ka iya lissafin kiredit, domin shi ka zo nema. Awa ɗaya ta lacca kowane mako, tsawon makonni 15, ita ce kiredit ɗaya. Bisa ƙa'idar hukumar kula da jami'o'i, NUC, cikakken ɗalibi yana ɗaukar 15 zuwa 24 a zango. Kai mai uku kacal, kada ka kuskura ka yi ƙorafin gajiya a gabansa.

Dokar halartar kashi 75 cikin 100 na lacca kafin a bar mutum ya zauna jarrabawa kuwa ta san da zamanka sarai. Abin mamakin shi ne, takardar da ake ƙirga halartar da ita ba ta san ka ba. Saboda haka ka riƙa yawo da biro, kana rubuta sunanka can ƙasa, inda takardar ta fara yagewa. Kuma ka kama ƙafa da wakilin aji. Saya masa awara ko kati, don in bai sa ka a zauren WhatsApp ba, ranar da aka dawo da gwaji ƙarfe bakwai na safe, a bakin mai shayi za ka ji labari.

Ɗakin kwana, ka manta da shi. Bashin karatu na NELFUND yana tambayar lambar JAMB. Bautar ƙasa ta masu digiri da HND ce. Hukuncin satar amsa ne kawai za a ba ka cikakke, ba ragi.

In kana fatan wata rana a lissafa maka kiredit ɗin cikin digiri, wannan sai abin da Sanet ɗin jami'a ya ce, don haka ka karɓi takardar sakamakonka tun malamin yana tuna fuskarka. Ni dai a ganina, mai son digiri da gaske ya bi ƙofar gaba: ya yi IJMB ta Jami'ar Ahmadu Bello, darussa uku, ya sayi fom ɗin shiga aji biyu kai tsaye.

Saura mutanen gida. Duk Sallah Gwaggo za ta tambaye ka yaushe za ka sa kakin bautar ƙasa. Ka gyara zama, ka yi gyaran murya, ka ce, "Gwaggo, Sanet ne bai zauna ba tukuna."