Tukunyar Iska da Goran Masunci

Tun da Cousteau da Gagnan suka ƙera na'urar numfashi ƙarƙashin ruwa a Faransa a 1943, masu sha'awar nutso ke goya tukunyar iska. Wasunsu ma siririn kwale-kwale mai cin mutum ɗaya suke tuƙawa, su faɗa teku daga cikinsa. Faɗawar ba wuya. Hawowar ce aiki: a dafa gefe da ƙarfi, jirgi ya kife, kaya su bi ruwa.

Masuncinmu kuwa rub da ciki yake yi kan ƙaton gora, hannuwansa ne filafili, kifin da ya kama ya jefa ciki.

Duk wanda ya kawo tabarau ɗin nutso madatsar Tomas ta wajen Dambatta da damina, laka kawai zai kalla. A nan gora ya fi.