Shan Kwana a Zaune a Hanyar Turɓaya, da Abin da Ya Sami Wani Malami

Masana tuƙin babur a wajen kwalta sun kasa shan kwana gida biyu: akwai wanda matuƙi yake yi yana tsaye a kan matakan ƙafa, akwai kuma wanda yake yi yana zaune a kan kujera, kuma na biyun shi ake so idan kwanar ta matse, ko ƙasar ta zama shimfiɗaɗɗiya ba ta da tudun da taya za ta jingina da shi. Wannan fanni yana da tarihi, domin tun a 1924 aka fara tseren babura a kan ƙasa mai gargada a Camberley ta ƙasar Ingila, sannan a ƙarshen Disambar 1978 Thierry Sabine, Bafaranshen da ya taɓa ɓata da baburinsa a hamadar Tenere, ya buɗe tseren Paris zuwa Dakar, wanda ya riƙa ratsawa ta Agadas shekara da shekaru kafin a mayar da shi Kudancin Amurka a 2009. Sai dai a ƙauyukan arewacin Jigawa da Katsina har zuwa Damagaram, inda kwalta take ƙarewa tun kafin tafiya ta yi nisa, shan kwana a zaune aikin yau da kullum ne na kowane ɗan acaɓa, wanda ba ya iya miƙewa tsaye ko da ya so, saboda akwai tsohuwa da ƙwaryar nono a bayansa, akwai buhun gero a kan tanki.

Tushen al'amarin shi ne riƙo, wato iyakar ƙarfin da taya take da shi na kama ƙasa ba tare da ta zame ba. Wurin da taya take taɓa ƙasa bai kai tafin hannu ba, kuma ta wannan ɗan wuri ne ake neman birki da juyawa da ƙarin gudu gaba ɗaya, don haka riƙo kamar kuɗin cefane yake: abin da aka kashe a birki ba za a same shi a juyawa ba, kuma turɓaya maigida ce mai ƙaramin albashi idan aka gwada ta da kwalta. Ƙari a kan haka, riƙon da kwana take nema ba ya hawa daidai da gudu, yana hawa ne da ninkin gudu a kansa, ta yadda wanda ya shiga kwana da gudun kilomita 40 a awa yana neman ninki huɗu na abin da mai gudun kilomita 20 yake nema, ba ninki biyu ba. Baburan da aka ƙera domin daji suna da tayar gaba mai inci 21 da ta baya mai inci 18 ko 19, masu manyan haƙora da ke cizon ƙasa, alhali Boxer ɗin da kamfanin Bajaj na Indiya ya cika ƙauyuka da ita tayoyinta inci 17 ne, kuma galibi haƙoransu sun daɗe da zubewa.

Ƙa'idojin zaman kansu ba su da yawa, amma kowace ɗaya tana saɓa wa abin da jiki da mutunci suke so. Matuƙi yana matsowa gaba har wurin da kujera ta haɗu da tanki, domin nauyinsa ya danne tayar gaba, wadda ita ce take fara cin amana. Yana ɗaga gwiwoyin hannuwansa sama da waje maimakon ya manne su da haƙarƙari, saboda ya sami ikon danna kan babur. Yana kwantar da babur ɗin zuwa cikin kwana alhali gangar jikinsa tana miƙe, har mazauninsa ya koma gefen kujera na waje, wanda shi ne akasin abin da masu tsere a kwalta suke yi, inda mutum da mashin suke kwantawa tare. Ƙafar waje tana danna matakinta da ƙarfi, gwiwarta tana manne da tanki, ita kuwa ƙafar ciki ana miƙa ta gaba wajen gatarin tayar gaba, wato ƙarfen da tayar take juyawa a kansa, yatsu a sama, ba don ta taka ƙasa ba sai idan ta ɓaci. Birki ana gama shi tun babur yana miƙe, giya ana zaɓen ta kafin a shiga, totur kuma ana murɗa shi sannu a hankali daga tsakiyar kwana ba tare da an sake shi ba. Ta ƙarshe, wadda ta fi dukkansu sauƙin faɗi, ita ce ido ya tsaya a mafitar kwana, domin babur yana zuwa ne inda matuƙinsa yake kallo.

Duk waɗannan ƙa'idoji wani malamin makarantar sakandare ya haddace su, wanda ladabin rubutu ya hana a ambaci sunansa, ko da yake kusancinsa da marubucin wannan bayani ya kai ga hula ɗaya suke sawa. Ya ɗauko karatun ne daga bidiyoyin YouTube na Turawa masu sulke da takalma har gwiwa, ya rubuta su da jan biro a bayan littafin shirin darasi, ya kuma maimaita su a kan tabarma da daddare har iyalinsa ta tambaye shi ko ciwon ƙugu ne ya taso. Abin da ya kai shi ga wannan nazari shi ne an yi masa canjin wurin aiki zuwa ƙauyen da hanyarsa burji ce a farko, turɓaya a tsakiya, addu'a a ƙarshe, kuma ya gaji da ganin yaran da ya kora daga aji saboda rashin iya jadawalin sau bakwai suna wuce shi a kan hanya suna gaishe shi da hannu ɗaya. Ranar da ya zaɓa domin gwaji ranar Alhamis ce, ranar kasuwar Maigatari, lokacin da hanyar take cike da shaidu, kuma kayan da ya sa su ne babbar riga mai sitati da hula zanna da takalmi sau-ciki, saboda daga makaranta zai wuce ɗaurin aure.

Kwanar da abin ya faru a cikinta ta cancanci a siffanta ta. Burtali ne, wato hanyar shanu mai shinge dama da hagu, wanda yake miƙewa a kan ƙasa mai tauri sannan ya karya hagu ba sallama, kuma daidai inda ya karya ɗin iskar hunturu ta tara rairayi mai zurfi, amalanken shanu kuma sun yanka masa sawu biyu. A gefen waje akwai dangar kara ta wani dattijo, a bakin dangar akwai itaciyar aduwa, wadda duk wanda ya yi kiwo ya san tsawon ƙayarta, a ƙarƙashinta kuma ƙarangiya ta bushe ta yi shimfiɗa. Can gaba kaɗan mata suna sussuka, kuma masussuka wuri ne da labari ba ya kwana.

Idan aka bi abin da ya faru ƙa'ida bayan ƙa'ida, adalci ya wajabta a ce malamin bai bar ko ɗaya ba, illa dai ya jera su ne a tsarin da ba a san shi ba. Ya matso gaba har kan tanki tun da sauran tafiya, abin da ya sa babbar rigar ta kumbura da iska a bayansa, ya ɗaga gwiwoyin hannu har hannayen rigar suka zubo suka rufe madubai biyu, sannan ya miƙa ƙafa gaba da kyakkyawar siffa, sai dai ƙafar dama ya miƙa a kwanar hagu, wadda ita ce ƙafar da birkin baya yake ƙarƙashinta. Da ya lura da wannan, sai ya yanke shawarar gyarawa ta hanyar miƙa ta hagun ma, ta yadda ya shiga rairayin ƙafafu biyu a sama, babu mai danna matakin waje, babu mai taka birki, babu mai canza giya, kuma takalmin hagu ya riga ya kama gabansa.

A nan ne wani bayani da bidiyoyin suka yi, amma bai kai ga jan biro ba, ya nemi haƙƙinsa. Zama a kan tanki magani ne na ƙasa mai tauri, inda ake tsoron tayar gaba ta zame. A cikin rairayi mai zurfi kuwa tsoron shi ne ta nutse, don haka ake ja da nauyi baya kaɗan, a riƙe totur ba sassautawa, tayar gaba ta yi sauƙi ta hau saman yashi maimakon ta yi huɗa a cikinsa. Malamin, da ya ji kan babur yana rawa a hannunsa, wanda abu ne da ake so a ƙyale shi ya yi, sai ya saki totur gaba ɗaya, nauyin mashin da ya haura kilo 100 da nasa da na sitati suka taru a gaba, ya kuma ƙara da damƙe birkin hannu da yatsu huɗu. Saura ƙa'idar ido, kuma ita kaɗai ce ta cika ba tare da naƙasu ba, domin tun da ya hango aduwar bai sake kallon wani abu a duniya ba, kuma babur ɗin, cikin biyayyar da ɗalibansa ba su taɓa nuna masa ba, ya kai shi gare ta. Sa'ar da aka yi ita ce rairayin ya cinye mafi yawan gudun, saboda haka mashin ɗin ya tsaya a gindin itaciyar, matuƙin ya ci gaba shi kaɗai ta saman kai, ya keta danga, ya sauka a kan mazauninsa cikin ƙarangiya. Masu cewa faɗuwa ta zo daidai da zama ba su bayyana a kan me aka zauna ba.

Shaidun sun rabu a kan musabbabi, kuma ra'ayoyinsu sun cancanci a adana su. Wata tsohuwa daga masussuka, bayan ta yi salati ta ce, "Sannu, Malam, sannu ɗan nan, Allah Ya kiyaye gaba," ta tabbatar wa sauran matan cewa aduwar nan tun tana yarinya ba a wuce ta da tsakar rana, kuma ɗaga ƙafafun da aka ga ya yi alama ce ta cewa ɗaukar sa aka yi. Dattijon mai danga bai shiga wannan muhawara ba, ya tsaya yana auna ɓarakar da taƙi. Ra'ayi na uku ya zo ne a kan babur, ɗauke da buhu biyu da akuya a ɗaure, a hannun ɗaya daga cikin yaran nan na jadawalin sau bakwai, wanda ya shigo kwanar a giya ta biyu, ya sa tayoyinsa cikin sawun amalanke, ya saki ƙafar hagu gaba kamar ba da gangan ba, ya fita ba tare da inji ya canza murya ba, sannan ya kafe mashin ya dawo a guje ya durƙusa.

"Allah Ya gafarta Malam, ai nan ba a sakin wuta," in ji shi, yana cire ƙarangiya daga bayan rigar ɗaya bayan ɗaya. Da malamin, wanda ko a ƙasa bai bar koyarwa ba, ya tambaye shi ko ya san dalilin da ya sa sawun amalanke yake riƙe taya, wato cewa gefen ramin yana zama bango mai tura tayar zuwa cikin kwana, irin wanda masu tsere suke tara ƙasa su gina da gangan, sai yaron ya ce shi dai ya san nan ne mashin ba ya gardama. Da aka tambaye shi ina yake kallo, sai ya ce gida. Ya kuma matsa tayar malamin da babban yatsa ya girgiza kai, domin mai faci ya cika ta da iska kamar za a yi Kano a kan kwalta, alhali masu bin yashi suna rage iskar kaɗan don tayar ta baje ta ƙara faɗin abin da take takawa. Wannan yana nuna cewa yaron yana aiki da kusan dukkan ƙa'idojin da ke bayan littafin shirin darasi ba tare da ya san sunan ko ɗaya ba, lamarin da malamin ya ɗauka a matsayin hujja cewa ƙa'idojin daidai suke, matan masussuka kuma suka ɗauka a matsayin hujja cewa boko yana da iyaka.

Asarar da aka ƙididdige ba ta taka kara ta karya ba: fitilar gaba ta fashe, kan babur ya karkace har sai da yaron ya matse tayar tsakanin gwiwoyinsa ya murɗo shi, salansa ta bar tambari a ƙwaurin dama, wanda shi ne dalilin da ya sa masu sulke suke sa dogon takalmi, hular zanna kuwa, da yake ba hular kwano ba ce, ba ta kare komai ba sai kanta, domin an same ta a rataye a reshen aduwa ba ko ƙura. An ɗaura auren ba da shi ba. Batun dangar ne ya ɗauki lokaci, saboda dattijon ya ƙi karɓar kuɗi, yana mai cewa kuɗi ba sa hana awaki shiga rogo, kuma abin da zai karɓa shi ne dami huɗu na karan dawa da igiyar kaba. Da malamin ya nemi a ba yaron aikin kawowa, sai dattijon ya ce, "A'a, Malam, wanda ya ɓalle shi ke ɗaurewa," aka kuma tsayar da ranar Asabar da hantsi, lokacin da matan suke komawa masussuka. Karan yana can gonar makaranta, kuma tsakanin gonar makaranta da dangar hanya ɗaya ce.