Wasiƙa Daga Liyon: Bayana Ya Sa Na Yi Kare

Liyon, Faransa

Zuwa ga taubashina a Ɗan Issa,

Ina fatan kana lafiya, kai da iyali, da Inna, da su Kawu, da duk wanda ya tambaye ni ba don bashi ba. In kana shan fura, ajiye ludayin kafin ka ci gaba, kada ta sarƙe ka. Taubashi, na yi kare.

Na san har ka fara tafa hannu, kana cewa jikan malamai ya je Turai neman arziki ya ɓuge da kiwon kare. Dakata ka ji tushen magana.

Ka san aikina na ɗaukar kwalaye a sito. Wata safiya na sunkuya, baya ya ce ƙas, ban miƙe ba sai da aka miƙar da ni. Da aka ɗauki hoto, likita ya ce guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan ƙugu ne ya zame ya danne jijiyar da ke sauka har diddige. Shi ya sa rauni na baya, amma ƙafar hagu ke kuka. Na ɗauka za a ce in kwanta a riƙa kawo mini romo. Ina! Wai yawan kwanciya shi ke sandarar da baya. Doka uku ya kafa mini: tafiya kullum, ban da ɗaukar nauyi, ban da sunkuyo ba dalili.

To tafiya zuwa ina? Nan ba gida ba ne, da za ka fito ka yi ta gaisawa har ka kai tashar motocin Jibiya ba ka sani ba. A nan in ka tare mutum da "ina kwana", sai ya dafe aljihunsa. Matar da ke motsa mini gaɓoɓi a asibiti ita ta ce in nemi ɗan ƙaramin kare, don shi ba ya karɓar uzuri: ko ƙanƙara ake zubawa, sai ka fitar da shi.

Ga inda aiki yake. Mu a gida kare kare ne, ja ko baƙi, na farauta ko na bin bola. Su a nan kowane da sunan zuri'arsa. Na fara ganin wani dogo mai gajerun ƙafafu, suna ce masa tekel. Har ya kwanta mini, sai aka gaya mini irinsu sun yi suna wajen ciwon baya, irin nawa sak, kuma ba a so su riƙa hawa matakala, sai dai a ɗauke su. Majinyata biyu a ɗaki ɗaya, wa zai miƙa wa wani ruwa? Na wuce.

Sai buldog ɗin Faransa, mai fuska a murtuke. A ido ƙarami ne, amma yana iya kai kilo 14, ga minshari, ga numfashi da ƙyar in zafi ya yi. Shi ma na sallame shi. Na gwada jan wani fari mai suna Jak Rasal, wanda aka ƙirƙiro a Ingila don korar yanyawa daga rami. Ɗan hakin da ka raina ke nan. Ya hango tantabara, ya fizgi igiya, na ji fizgar tun daga ƙugu har ɗan yatsan ƙafa. Shi kuwa ciwawa, na ƙasar Meziko, bai wuce kilo 3 ba, amma haushinsa ya fi shi nauyi, kuma kafin in shafa kansa sai na durƙusa.

Abin da na gane, mai ciwon baya ba sikeli zai duba ba, hali zai duba. Ɗan kwikwiyo kuma ba naka ba ne, don yini za ka yi kana sunkuyo kana goge ɓarnarsa. Sai na nufi gidan da ake tara karnukan da masu su suka yar, na ce a nuna mini dattijo. Aka fito da wani mai shekara 8, kilo 5, gemu ya yi fari, ba ya gudu, ba ya fizga. Muka dubi juna, kowa ya gane ɗan'uwansa ya ga duniya. Na raɗa masa suna A-Hankali.

Kada ka zaci kama shi na yi na tafi. Tun watan Oktoba na 2022 doka ta ce sai ka sa hannu a takardar alkawarin ka san ɗawainiyarsa, ka jira kwana 7, ko za ka sake tunani. Taubashi, ko auren fari ba a ba ka wannan damar ba. Yana da littafin allura, yana da wata 'yar ƙwaya a ƙarƙashin fatar wuya mai ɗauke da lambarsa. Takardunsa sun fi nawa cika, kuma shi ba ya bin layi don a sabunta masa. Na biya yuro 250, ka lissafa a sefa 656, jika 164 ke nan, kuɗin ragon layya mai ƙaho.

Yanzu kullum da safe muna bin bakin kogin Ron, ni ina ɗingishi, shi yana shinshine-shinshine, babu mai gaggauta wani. Kwanon abincinsa na ɗora a kan ɗan benci. Abin da ban so ka ji ba, amma gara ka ji daga bakina: a nan in kare ya yi kashi a titi, mai shi ke kwashewa, in ba haka ba tara. Na sayi cebur mai dogon hannu saboda baya. In na ji wannan magana a majalisar ƙofar gidanku, na san inda ta fito.

Saƙo biyu. Na farko, ka tambayar mini Malam: mun karanta cewa an yi rangwame ga karen farauta, da na kiwo, da na gona. Shin karen da likita ya rubuta, wanda in an buga ƙofa yake shigewa ƙarƙashin kujera, a wane babi yake? Ka shaida masa kwanonsa daban, wurin kwanansa daban, ba ya kusantar dardumar salla. Na biyu, kada ka gaya wa Inna. In ta tambaya, ka ce baya ya yi sauƙi, na samu wani dattijo mai raka ni motsa jiki, ba ya shan taba, ba ya gulma. Duk gaskiya ne.

Kuɗin Inna na nan tafe ƙarshen wata yadda aka saba. Naka kason kuwa ka yi haƙuri, an cire wa A-Hankali haƙori. In wani zai zo, ka aiko mini da kilishi, mai yaji sosai, don kada a ce sai mun raba.

Ka gaida kowa da kowa.

Naka har kullum,
Ubangidanka na Liyon