Terabait Takwas a Kasuwar Illela

Rumbun ajiya na kwamfutar tebur, wanda masu sana'a ke kira had-dis, akwatin ƙarfe ne da bai wuce tafin hannu da yawa ba, kuma a cikinsa akwai faya-fayai masu maganaɗisu da ke juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya, yayin da wani ɗan kai mai karatu da rubutu yake shawagi a kansu ba tare da ya taɓa su ba, da tazarar da kaurin gashin mutum ya ninka sau dubbai. Na farkonsa, wanda kamfanin IBM ya fitar a Amurka a 1956, faifai 50 gare shi, amma abin da yake ɗauka bai kai bidiyon biki ɗaya na wayar yau ba. Yanzu ana auna shi da terabait, wato gigabait 1,000.

A Illela, garin da ke fuskantar Birnin Ƙonni ta Jamhuriyar Nijar, babu wanda wannan ci gaba ya shafa kamar masu tura fina-finai da waƙoƙi da wa'azi a memori, domin ranar Lahadi, da kasuwa ke ci, fatake da direbobi da masu sayar da dabbobi daga ƙasashen biyu sukan yi layi a gaban teburinsu, kuma wanda ya fi kaya shi ya fi ciniki. Wannan lissafi ne ya sa ɗaya daga cikinsu ya aika Kano aka sayo masa rumbu mai terabait 8, ya kwashe duk abin da ya tara a shekarun sana'arsa ya zuba a ciki, sannan ya sayar da tsofaffin ƙananan rumbunansa don ya cike kuɗin.

Da aka jona rumbun, sai kwamfuta ta nuna terabait 7.27, kuma mutumin da ya tashi a bakin iyaka, inda buhu bai cika isowa yadda aka ɗaure shi ba, bai buƙaci dogon bincike ba kafin ya gane cewa an yagi wani abu a hanya. Ya tare direban da ya kawo rumbun a tasha ya ce masa, "Malam, tsakani da Allah, ina sauran?" Bayanin kuwa shi ne, masu ƙera rumbu suna ƙirga da 1,000, manhajar Windows ta kwamfutar kuma da 1,024, saboda haka kayan ɗaya ne, mudun awon ne ya bambanta. Direban bai san wannan ba, rantsuwa kawai ya yi ta yi.

Babbar musibar ta zo ne da hunturu. An ajiye rumbun a tebur ɗaya da ƙaramin janareta, alhali girgiza na daga cikin manyan abokan gabarsa, kuma ba a jima ba ya fara wani ƙara ƙas-ƙas, alamar da masu gyara suka sani da cewa kan ya kasa gane layinsa, kuma abin da ya kamata a lokacin shi ne a kashe shi nan take. Mai shi dai ya yanke hukunci cewa ƙura ce. Ya kwance marfin da sukudireba a tsakiyar kasuwa, iska na kaɗawa, ya hura faya-fayan da baki, ya goge su da gefen rigarsa har suna ƙyalli, 'yan kallo suna yaba tsaftarsa. Ƙwayar ƙura ɗaya ta fi tazarar kan girma nesa ba kusa ba, shi ya sa ba a buɗe rumbu sai a ɗaki na musamman mai tace iska. Da nasa irin wanda ake cika wa iskar hiliyam ne, wanda kamfanin HGST ya fara sayarwa a 2013, da marfin a liƙe yake da walda, da sukudireban bai samu hanya ba.

Rumbun ya yi juyi biyu ya yi shiru, ya tafi da fina-finan Kano da fassarar Indiya da tafsirin azumin shekaru. Mai shi ya koma aron kaya wurin abokan sana'a, kuma a yau rumbu biyu gare shi masu terabait 4, ɗaya kwafin ɗaya ne. Kowannensu yana nuna 3.63, kuma har yanzu bai daina zargin direban ba.