Majinyacin da Ba Shi da Gado a Asibiti

A Gada Biyu ihu ba ya gaya maka wanda ya ci. In ka ji unguwa ta ɗauki sowa tun daga ƙarƙashin gadar sama har cikin Kabong, kada ka yi saurin murna. Ta yiwu ƙungiyarka ce ta zura ƙwallo, ta yiwu kuma ita aka zura wa, 'yan Man U da 'yan Arsenal ne suke rawa a kan kabarinka. Ɗan Arsenal na wancan zamani, da rabonsa da kofi tun 2005, ba shi da wata sana'a sai wannan. Don haka duk wanda aka kulle a wani wuri daren babban wasa, kunne ba zai fisshe shi ba, sai ya nemi ɗan aike mai amana. Ni kuwa an kulle ni, a coci ma, daren Asabar 19 ga Mayu, 2012.

Ni ne sakataren zumuntar matasa a shekarar. Wanda ya tashi a ikilisiyoyin Jos ya san makon matasa: a share harabar coci da magudanar unguwa, a yi gasar haddar ayoyi, a yi wasan kwaikwayo wanda mai gangarmu ne kullum yake fitowa a Shaiɗan ba tare da an roƙe shi ba, a buga ƙwallo tsakanin magidanta da samari a tashi da rigima, ran Asabar a kwana ana addu'a, Lahadi kuma matasa su karɓi sujada tun daga waƙar buɗewa har ɗaukar baiko. A watan Janairu muka tsai da ranar, da hannuna na rubuta ta. Kada wani ya ga laifina. A lokacin Villas-Boas ne yake jan Chelsea zuwa rami, kafin wata ya zagayo Napoli ta lallasa mu 3 da 1, kuma ko annabi ne ya tashi a taron kwamiti ya ce za mu je wasan ƙarshe na Kofin Zakarun Turai, da an ba shi ruwa ya sha ya zauna.

Sai aka kori kocin a watan Maris, aka miƙa wa Di Matteo riƙon ƙwarya. Ran 24 ga Afrilu, da mutum 10 a fili, Torres ya kewaye golan Barcelona ya gangara da ƙwallo cikin raga. Kowa yana tsalle, ni ina lissafin kalanda a kaina.

A taro na gaba na kawo shawarar a matsar da kwanan addu'a zuwa Juma'a, wai don matasa su huta kafin sujadar Lahadi. Ma'ajinmu, ɗan Arsenal tun zamanin Kanu, ya gyara zama ya ce, "Sakatare, Ubangiji za mu ɗaga wa rana saboda Abramovich?" Aka kaɗa ƙuri'a. Har 'yan Chelsea suka ƙi ɗaga hannu, don Baba Rabaran yana zaune yana kallon kowa ta saman tabarau.

Son Chelsea a Jos ba ra'ayi kawai ba ne, zumunci ne. A garin nan aka haifi Mikel Obi a 1987, ya bi ta Plateau United, ya isa Landan a 2006. Da za a tara duk waɗanda suke rantsuwa sun taɓa buga ƙwallo da shi yana yaro, filin Rwang Pam ba zai ɗauke su ba. Ni ban taɓa yin wannan ƙaryar ba. Yayana ne ya buga da shi.

Shekarar ba ta wasa ba ce a Jos. Mu a Kabong ba mu gama warkewa daga bama-baman jajiberin Kirsimeti na 2010 ba, sai aka kai hari hedikwatar COCIN a Fabrairu, aka kai St. Finbarr's da ke Rayfield a Maris. Kowace majami'a ta jera duwatsu da ganguna a bakin hanya, 'yan Birged da muka saba gani da ƙaho da farar safa suka koma caje mutane a ƙofa. Dokar kwanan addu'a ita ce, ana rufe ƙofa da bakwai na yamma, ba a buɗewa sai gari ya waye. Wasa kuwa takwas saura kwata za a take shi. Akwai kuma dokar tara wayoyi a kwando a ajiye a ofis, don yara sun mai da bencin baya dandalin hira a 2go. Doka ce mai kyau. Ni na kawo ta.

Ga dabarar da na yi. Bayan katangar coci akwai maƙwabci mai DStv da janareto, falonsa ne ya zama gidan kallon layinmu tun da iyaye suka fara tsoron taron jama'a. Na ajiye ƙanena a can da biro da tsohon littafin lissafi. Duk abin da ya faru, ya rubuta ya turo ta ramin da ruwa yake fita a gindin katanga, ɗan Birged mai gadin wajen ya ɗauko ya sa a tiren bukatun addu'a, wanda ni aka ba aikin karantawa. Saboda tsaro muka shirya zaurance: Chelsea ita ce "mara lafiya". Ko takarda ta faɗa hannun wani, zai ga ɗan'uwa ne yake neman taimakon addu'a. Har yau ina ganin shirin nan ba shi da aibi.

Ana gama waƙoƙin yabo, Baba Rabaran ya miƙe ya ce ya ji daɗin ganin iyayenmu na zumuntar mata sun zo taya 'ya'yansu kwana, saboda haka Mama shugabarsu ce za ta riƙa karanta bukatu, Sakatare kuma ya riƙa yin addu'a a kan kowace.

Mama ta saka tabarau, ta ɗauki makirufo. Muka yi wa masu jiran sakamakon JAMB, muka yi wa mai neman aiki, muka yi wa zaman lafiyar Filato. Wajen takwas da rabi na hango takarda mai layi-layi a hannunta, na gane rubutun ƙanena tun daga nesa.

"Mara lafiya yana shan wuya ƙwarai, amma yana numfashi."

Wato an tafi hutun rabin lokaci ba ci. Na yi addu'a a natse, na roƙa masa ƙarfin jimrewa, musamman da yake a gidan maƙiyansa yake kwance. Wannan ba ƙarya ba ce, a filin Bayern ake wasan, a Munich. Mata suka ce amin da tausayi.

Tara ta wuce, unguwa ta fashe da ihu. Cikina ya ɗuri ruwa. Ɗan Birged ya shigo yana taku irin na fareti, ya ajiye takarda. Muryar Mama ta karye: "Jiki ya rikice. Saura kaɗan."

Müller ke nan, minti na 83. Ban san lokacin da na zube a kan gwiwoyina ba. Na yi shekaru ina addu'a a gaban jama'a, irin wadda ake tsara kalmomi don 'yan matan kwaya su ji, amma a daren nan ne na gane bambancinta da ta gaske. Na tuna wa Ubangiji Li'azaru, na tuna masa 'yar Yayirus, na ce ko minti ɗaya ne ya rage ai a hannunsa yake. Wata tsohuwa a gaba ta fara share hawaye da bakin zani. Ina tsakiyar haka wani ihun ya sake tashi, ya fi na farko. To na wa ne? An ƙara mana ne, ko mun farke? Ba halin in ce amin in zauna, sai na ci gaba da jan addu'a ido ɗaya a rufe, ɗaya a bakin ƙofa, har na fara maimaita Li'azaru.

"Ya buɗe ido! Ya farfaɗo!"

Halleluyar da na ƙwala sai da sifika ta yi ƙara. Ba ni kaɗai ba, kusan rabin samarin suka miƙe tsaye, kuma na lura duk waɗanda na saba gani da shuɗiyar riga ne. Ma'aji ya dube su, ya dubi agogon bango, ya dube ni. Sai ya yi wani murmushi da ban so ba, ya ɗaga hannu ya ce Sakatare ya gaji, a ba shi dama shi ma ya sa baki.

Ya fara a hankali. "Ya Ubangiji, kai ka san wannan bawa naka. Ka san irin dukiyar da maigidansa ya narkar a kansa shekara da shekaru, likita bayan likita, ba a ga sauƙi ba. In wahalar ta yi masa yawa, kada son zuciyarmu ya riƙe shi. Ka ɗauke shi a daren nan ya huta."

Bencin 'yan Man U ya amsa da amin mai ƙarfi. Namu bencin ya ce, "Mun ƙi!" Mama ta sauke tabarau ta ce, "Kai ɗana, wace irin addu'a ce wannan? Ɗan wani ne fa." Ta karɓe makirufo.

Zaurancenmu bai tanadi ƙarin lokaci ba, balle fenareti a cikinsa, don haka ƙanena ya shiga ƙirƙira. Drogba ya taɗe Ribéry a cikin da'ira, Robben ya buga, Čech ya kama. Abin da Mama ta karanto shi ne: "Wanda ya farfaɗo da shi ne ya kusa kashe shi, amma likita mai hular kwano ya tare." Ta juya takardar ta duba bayanta. "Likita da hular kwano kuma? Achaɓa yake yi?" A kujerar dattawa, Baba Dattijo, wanda tun farkon dare muke zaton barci yake, ya yi tari sau biyu.

Bayan goma aka kawo: "An shiga da shi tiyata."

Nan ne abin ya fi ƙarfina. Mama ta ce addu'a ba ta hana ɗawainiya, tiyata kuɗi take ci. Ta shimfiɗa mayafinta a gaban bagade, mata suka ɗauki tulu da caki suka tayar da waƙa, aka fara fitowa layi-layi ana rawa ana zuba kuɗi. A waje kuwa ihu, shiru, ihu, shiru. An shiga bugun fenareti ne: ɗan wasanmu Mata yana zubar da tamu ta farko, mu muna rawa. Neuer, gola guda, yana zura mana, mu muna rawa. Samari baki yana waƙa, wuya ya karkace wajen taga. Na zuba kuɗin motata na mako, don ido yana kaina. Ma'aji, bisa ga aikinsa, shi ya durƙusa yana ƙirga kuɗin jinyar Chelsea.

Sai wani ihu da ya haɗa da hon ɗin motoci da bugun rufin kwano, bai tsaya ba. Ɗan Birged ya manta da fareti, a guje ya shigo.

"Ya warke sarai. An sallame shi da kofi."

"Allah sarki," in ji Mama, "har ya fara shan shayi."

Da asuba ana rabon shayi da ƙosai, Baba Dattijo ya yafuto ni bayan ofis. Ya ce, "Sakatare, ni da na ga Mighty Jets ta ɗauki lig a 1972, na ga Sam Garba da idona, ni za ka ɓoye wa ƙwallo a cikin zanen gadon asibiti? Gola nawa ne a duniya yake sa hular kwano?" Na sunkuyar da kai ina nazarin takalmina. Ya ce ba zai kai ni gaban dattawa ba, amma kuɗin da aka bayar don mara lafiya na mara lafiya ne, kuma iyayenmu mata sun ce bayan sujada za su je gaishe shi. Ya juya zai tafi, ya dawo. "Yaron namu ya buga har ƙarshe?"

"Minti 120 cif, Baba."

"Madalla. Duk da haka ka nemo majinyaci."

Da yammar Lahadi na shiga asibitin Jankwano ɗauke da kular gwaten acha, mata cikin anko suna biye da ni. Na ratsa ɗakin maza ina duba gadaje ina neman wanda ba shi da 'yan dubiya, har na hango wani saurayi a lungu, an naɗe masa ƙafa da filasta har gwiwa. Na tsaya a kansa na ƙifta masa ido. Mama ta matso. "Sannu ɗana. Kai ne aka shiga da kai jiya da dare?" Ya dubi kula, ya dubi ambulan a hannun ma'aji, ya ce, "Ni ne, Mama."

"Me ya same ka haka?"

"Mama, Drogba ne."

Daga baya na ji a kan katanga yake leƙen wasa ta tagar wani, da aka zura ta ƙarshe ya yi tsalle ya manta inda yake. Mama ba ta nemi wannan bayanin ba. Ta juyo gare ni. "Wane ne shi? Ɗan wace unguwa?"

"Baƙo ne, Mama. Mutumin Abijan."

"An kai maganar wajen 'yan sanda?"

Na ce ana kan bincike. Ta ɗora hannu a kan filastar, ta roƙi sauƙi, sannan ta ɗaga murya ta ce wannan Drogba, duk inda yake, Ubangiji ya kawar da shi nesa da 'ya'yanmu, ya kai shi inda ba za mu ƙara jin ɗuriyarsa ba. Mata suka ce amin. Ma'aji ya fi kowa.

Ran Talata, 22 ga Mayu, aka ba da sanarwar Drogba zai bar Chelsea. Kafin Yuni ya ƙare ya sa hannu da wata ƙungiya a Shanghai, can ƙasar Sin. Ma'aji ya ga abin da ya gani, ya rubuta sunan Wenger a takarda ya kai wa Mama har gida, ya ce wani dattijo ne da ya hana su sakat. Ta ce za ta sa shi a addu'a, amma dattawa ba a gaggawa da su. Sai 2018 ya tafi.