Ɗan'uwanmu Ya Hau Keke a Holand

A garinmu, idan magidanci ya haura arba'in yana kan keke, addu'ar buɗi ake fara yi masa. Amma bari Allah ya kai shi Holand. Kafin wata uku sai ga hotonsa a WhatsApp: hular kwano mai ramuka, baƙin tabarau, da wani ɗamammen wando da ko da kuɗi ba zai yarda surukarsa ta gan shi a ciki ba. A ƙasa ya rubuta: "Shan iskar karkara, Alhamdu lillahi."

A yi masa adalci, ƙasar ce ta ja shi. Kekuna sun fi mutane yawa, sama da miliyan 22 ga jama'ar da ke wajen miliyan 18. Mark Rutte, da ya yi firaminista daga 2010 zuwa 2024, a keke yake zuwa ofis a Hague, ba jiniya ba 'yan rakiya. Mu kuwa da ministan sufuri Ojo Maduekwe ya gwada haka a Abuja a 2001, wata bas ce ta tura shi kwata.

Abin mamakin shi ne son ƙauye da ya kama mutuminmu rana tsaka. Shekara da shekaru bai leƙa ƙauyen kakanninsa ba, wai hanya ba kyau, wai warin turke na sa masa mura. Yau ga shi a Friesland ya tsaya bakin shinge yana ɗaukar saniya mai dabbare-dabbare hoto, warin kashinta na dukan hancinsa, yana cewa iskar nan lafiya ce. Gobe yana Kinderdijk gaban tsofaffin injinan iska 19 da aka gina don janye ruwa, yana yi mana bayani a bidiyo kamar kakansa ne ya kafa su.

Abin da hoton ba ya nunawa shi ne wahala. Yawancin ƙasar shimfiɗe take, ba tudu ba gangare, amma iskar teku idan ta taso ta gaba, sai ka yi ta taka feda kana wuri ɗaya. Yana haki, harshe a waje, wata tsohuwa da kwandon kayan miya ta kaɗa masa ƙararrawa ta wuce, ko hular kwano babu a kanta. Hanyoyin keke na karkara lamba gare su a kowace mahaɗa, amma girman kai ya hana shi rubuta lambobin, sai ya yi ta kewaya gonar dankali ɗaya har la'asar. Taya ta sace kuwa, babu mai faci a gindin bishiya, ga shi Lahadi, shagunan ƙauye a rufe. Haka zai turo keken zuwa tashar jirgin ƙasa, inda keken ma sai an yankar masa tikiti.

Duk da haka da dare zai tura hotunan zauren dangi, yana jiran a ce masa sai Bature. Saƙon murya na farko daga Baffa ya fito, murya na rawa: "Jama'a, ku dubi halin da yaron nan yake ciki. Ko babur bai samu ba, kiwon shanu yake yi wa mutane, ga wando ya yi masa kaɗan. Kowa ya kawo abin da ya sawwaƙa, a yi masa kuɗin jirgi ya dawo gida."